Jirgin da Aka Hana Ruwa

Aikin noman rani ne ya kai ni ƙasar Girka. Daga wurin aikinmu na Goronyo aka tura mu kwas kan ban ruwa, da aka ga kawunanmu sun ɗau zafi sai aka kwashe mu zuwa wani tsibiri, wai mu sha iska mu ga gidajen tarihi. Ni dai ba na son tsayuwar kallo, ƙafa ke yi mini ciwo. Na bi su ne kawai don kada a ce Basakkwacen nan ya cika gardama.

Gidan farko tukwane ne da aka tono daga ƙasa, fasassu, an lallaɓa an manne su an sa a gilashi. Na biyu kayan zaman gida ne: dutsen niƙa, masaƙa, fitilar aci-balbal. Na yi ta dariya a raina, don irin waɗannan mu a bayan ɗaki muke jibge su kaji na hawa. Sai da muka shiga na uku, na jiragen ruwa da kayan kamun kifi, dariyar ta tsaya. Kawu na tuna.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Masunci ne, a gulbin Rima ya yi furfura. Ya yi iya yinsa ya koya mini ruwa har ya haƙura, ya ce ni albasa ne, tudu ya dace da ni. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, ya dawo gidana a Goronyo, kuma tun daga ranar faɗanmu ɗaya ne: shi yana so ya koma ya dubo jirginsa, ni ina cewa ba inda za shi. Tsoro nake kada a kashe mini shi a kan katako. Waɗanda suka leƙa ƙauyen a sace sun ce babu jirgi a mashigi, ko an sace ko an ƙone. In aka faɗa masa haka sai ya yi murmushi, abin kuwa yana ƙona mini rai.

Na kira wayar matata ta bidiyo, na ce ta kai wa Kawu. Yana gindin darbejiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi da ba ya zuwa ko'ina da ita.

"Kawu, ga 'yan uwanka masunta na samo maka."

"Matso da ni in gani," in ji shi.

Na bi da shi kan ƙugiyoyi da taru da igiyoyi. Yana ta tsokana, wai wannan ƙugiya ai ta kama saniya ce. Har muka iso tsakiyar ɗakin, inda aka ɗora wani jirgin katako a kan turaku, an shafe shi da fenti, an kewaye shi da igiya don kada a taɓa.

Kawu ya ce, "Mi yas same shi?"

"Ba komai, Kawu. Ajiye shi aka yi mutane su riƙa gani."

"Mai shi hwa?"

"Ya daɗe da rasuwa."

"Allah sarki. Bai bar ɗiya ba?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in juya wayar. Ta taga ana hango teku, shuɗi, ba iyaka.

"Ga ruwa nan kusa, sunka hana mai," in ji Kawu. "Katako in ya rabu da ruwa buɗewa shikai. Wanga ko yanzu anka sa shi, nutsewa za ya yi. Ya mutu, ɗan nan, kwalliya ta anka yi ma gawa."

Ni kuwa a lokacin wata dabara ta faɗo mini, har ina jin daɗin kaina. Na ce in ƙasa ta lafa kuma aka ga jirginsa, zan sa a ɗauko shi a mota, in yi masa rumfa a tsakar gida, in shafa masa fenti, jikoki su tashi suna ganinsa.

"Kai ma ka zama su?" Ya ɗaga murya har wata mai gadin wurin ta waigo. "Kwana nawa kay yi can?"

Sai ya karɓe wayar daga hannun matata, ya ce ta ba shi wuri. Bai saba da bidiyo ba, ya manna ta a kunne kamar yadda ya saba. Ni dai kunnensa kawai nake gani da gefen hula, muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce da safen da suka gudu, kafin ya bi mutane, ya ja jirgin zuwa gindin tsohuwar giyayyar da ke ƙasa da mashigi, inda ruwa ba ya ƙafewa ko da rani. Ya cika shi da duwatsu ya nutsar da shi, ya ɗaure shi da sarƙa a saiwa. Jirgin da ke ƙarƙashin ruwa ba ya tsagewa, gara ba ta cin sa.

"Shina nan da rai nai," in ji shi. "Ban hwaɗa ma kowa ba, don ina cewa ni za ni hiddo shi da hannuna. To, gwiwa ta ƙi, kai ma ka ƙi. In Allah ya kawo lahiya, ka kai wanda ya iya ruwa, ko ba namu ba ne, ka ba shi. Kada ka sa min shi ɗaki."

Na ce, "To, Kawu." Na tsaya gaban jirgin mutanen da ban sani ba ina share hawaye da hannun riga, abokan tafiyata suna jira na a ƙofa.

Har yau hanyar ƙauyenmu ba ta biyuwa, jirgin yana can gindin giyayya. Kawu yana nan gidana, yana cin tuwonsa, yana tsokanar matata cewa miyarta ba kifi. Tun daga ranar bai sake yi mini maganar komawa ba, ko sau ɗaya. Abin da na daɗe ina nema ke nan, amma wallahi na fi son lokacin da muke faɗan.