Lemun Citta a Shekarar Fari

Shekarar da gero ya bushe a tsaye, da lemun citta na riƙe gidanmu. Maigidana ya tafi Kano cin rani, ya bar ni da yara uku da mahaifinsa, tsoho, limamin unguwarmu. Daga kasuwar Ɗambatta nake sautun citta da kanumfari da sukari, in daka, in tace, maƙwabta su aiko da kwanuka su saya. Abin da muke ci ke nan.

Lemun citta kamar jariri yake, ba a juya masa baya. In ya ɗan kwana sai ya yi garɗi, har a yaba. In ya wuce haka zaƙin ya soma gudu, kumfa ta taso, ya kama hanyar zama giya, abin da ko sunansa ba a faɗa a gidan malamai. Kakata ta koya mini dabarar: a binne gindin tulun cikin yashi, a riƙa yayyafa ruwa, sanyi ya hana shi tashi. To, ina ruwan? Rijiyarmu ta ƙafe. Ɗan ruwan da ake samowa daga nesa, yara za su sha ko yashi?

Ga azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ba damar ɗanɗanawa, sai dai in kara kunne a bakin tulu kamar magulmaciya. Wani hantsi na ji yana tsuwa a hankali. Ina buɗewa warin ya bugi hancina. Akuyata ta ƙarshe na sayar na sayi sukarin da ke ciki.

Na daɗe a tsugune. Wallahi zuciya ta raya mini in ƙara ruwa da ɗan zaƙi, wa zai gane bayan ƙishirwar wuni guda? Na dai daure na ɗebo a ludayi na kai wa surukina.

Ya shinshina, ya kawar da kai. "'Yar nan, wannan ya tashi daga lemo. Zubar da shi."

"Baba, shi ke nan fa abin da ya rage mana."

"Na sani. Allah zai musanya miki. Zubar."

Na tuntsurar da tulun a rariya ina kuka. Ita kuwa rariyarmu lungun masallaci take fita, kuma babu ruwan da zan kora da shi. Lemun ya kwanta a ƙofar gida, rana ta dafa shi, ƙudaje suka yi biki. Duk wanda ya wuce sallar la'asar sai da ya toshe hanci.

Babu wanda ya tambaye ni komai, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kwanuka kawai suka daina zuwa. Na samo sukari da kyar na yi sabo, mai kyau, mai sanyi, na leƙa wajen maƙwabciyata ta katanga.

"Ayya, yaya," in ji ta, tana kallon gefe, "ai mu bana kunun tsamiya muka koma."

Tsohon ya lura. Da aka sha ruwa sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ya ce in cika masa kwano. Ya zauna yana kurɓa a fili, yana ɗaga murya yana sa mini albarka, don masu wucewa su gani. Suka gaishe shi da ladabi, suka wuce.

Har aka yi Salla shi kaɗai ke shan lemona, yarana kuwa da yunwa suke kwana.