Ranar da Turawa Suka Yi wa Janbaki Kiɗa

Haɗejiya, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Muka bar ƙofar makaranta a bayan a-kori-kura, mu goma sha biyu 'yan ƙungiyar kula da tsuntsaye, tare da Malama Rifkatu, 'yar Filato mai koya mana kimiyya. An ce wasu Turawa huɗu masu kiɗan zamani da ake kira rok za su yi wasa a Baturiya, inda za mu. Ƙawayena kiɗan suke ɗoki. Ni Kawu Bukar da ke noma a can nake tunani, wanda ya aiko wa Inna cewa tsuntsayen nan janbaki sun sauka a shinkafarsa, nan da kwana uku ko iri ba zai samu ba.

Shingen sojoji, bakwai saura kwata

Nan muka tarar da motar Turawan an sauke kayanta. Wani jami'in tace wasanni, Malam Sabo, yana zagaya gitarsu kamar macijiya. Biro biyu ne a aljihunsa, ja da shuɗi. Ya nuna wani Bature mai gashi har kafaɗa.

"Malama, tambaye shi, wannan gashin nasa ne ko na matarsa?"

Malama ta ce nasa ne. Ya zaro jan biro ya rubuta a takardarsu: An hana, domin kare tarbiyya. Ya kuma shiga gaban motarmu, wai zai bi su ya tabbatar hanin ya kai Baturiya lafiya.

Baturiya, tara da kwata

Kawu ya tarye mu muryarsa a dishe, don kwana shida yana ihu yana kaɗa gwangwanaye. Muka sayi soyayyen kifi na naira biyu, muka sha fura. Ɗaya daga cikin Turawan ya tayar da janareta don ya ga ko kayansu sun lalace a hanya, ya taɓa gitar sau ɗaya. Kowa ya toshe kunne. Ni kuwa tsamiya nake kallo: duk tsuntsayen kanta suka watse.

Sau uku ina buɗe baki ina fasawa. Daga ƙarshe na ja gefen zanin Malama na raɗa mata cewa wannan ƙarar za ta kori janbaki. Ta raɗa wa Kawu. Kawu ya gyara hula ya durƙusa gaban Malam Sabo.

"Ranka ya daɗe, takardar nan ta hana korar tsuntsu?"

Malam Sabo ya karanta ta gaba da baya. "Wannan harkar noma ce, ba ta ofishina ba." Amma ya sa sharaɗi: makaɗa su fuskanci gona su ba mutane baya, ba tafi, wadda duk ta motsa kafaɗa zai rubuta sunanta.

Gonar Kawu, sha ɗaya daidai

Minti ashirin a kwalekwale, janareta a tsakiya. Turawa suka jeru a kan kunya suka saki kiɗa. Janbaki suka tashi kamar hayaƙi, suka yi gabas, suka tsallake kogi. Mu muna zaune kamar a ɗakin jarrabawa. Babban ɗan yatsan ƙafar Malam Sabo kaɗai na ga yana rawa cikin takalmi.

Sai mai kwalekwale ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, can inda suka sauka ba gonarka ba ce?"

Yatsan ya tsaya. Ya daɗe yana duban ƙetare.

"Malama, ko za su ɗan haye can?"

Ta yi magana da su, ta juyo fuska a ɗaure. "Sun ce su masu bin doka ne. Sai da takardar izini."

A kan gwiwarsa ya rubuta ta, da shuɗin biro.

Gida, shida da minti ashirin

Na iso ana shirin kiran magariba, kunnuwana na ƙara. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Malama Rifkatu da ta ara mini bakinta. Bayan sati biyu Kawu ya aiko mana da sabuwar shinkafa, ya ce a ware kwano ɗaya a kai wa mai gashin.