Hosiyat-opa da Baƙon da Ba Ya Cin Gurasa

Kafin masu tanderu su fitar da gurasar farko, Hosiyat-opa ("opa" a wurinmu yaya mace ce, "aka" yaya namiji) ta riga ta bi bakin magudanar ruwan da ta ratsa unguwarmu a Nurota, a ƙasar Uzbekistan, da kwando a hannu. Tana tsinkar ciyawar nan mai furen rawaya, da ɗanyen ganyen inabi, da tsirran da sauranmu muke takawa mu wuce. Ba ta tsinka a bakin titi, saboda hayaƙin motoci. Daga nan sai cibiyar yara ta garin, inda ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana kula da ɗan sashen dabbobi. Ta ɗumama ruwa, ta gwada shi da gwiwar hannu kamar mai shirin wankan jariri, ta zuba a daro iya inda zai taɓa haɓar kunkuru, sannan ta jera su ciki. Bana, bayan bikin sabuwar shekara na Nauruz, ta ajiye aiki. Ba a shirya mata taro ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gidaje da yawa a garinmu suna da kunkuru a tsakar gida, kuma ƙauna ce ke kashe yawancinsu. Mun yarda cewa ɗan hamada ba ya shan ruwa. Mun kuma yarda cewa duk wanda ke ƙarƙashin rufinka, abin da ka ci shi zai ci. Da waɗannan biyun Hosiyat-opa ta yi ta fama, kuma ba da faɗa ba.

Normurod-aka, direban babbar mota, har yau yana ba da labarin ranar da ya kai mata kunkurun 'yarsa a cikin hula, idanun kunkurun a kumbure.

"Me kake ba shi?" ta tambaye shi.

"Wallahi, opa, ban rage shi da komai ba. Shinkafa da nama, har kitsen wutsiyar rago nake cire masa."

"Ai kuwa ga shi ya fara kama da kai. Saura gashin baki da lasisin tuƙi."

Ya yi dariya, ya koma gida da damin ciyawa. Kunkurun yana nan da ransa.

Na gidanmu sunansa Toshvoy. Marigayi kakana ne ya tsinto shi tun mahaifina yana yaro, ya sake shi a tsakar gida, shi kuwa yana kiwo cikin ciyawa, yana shan ruwan da ya taru bayan an yi wa inabi ban ruwa. Bayan rasuwar tsohon, kawuna ya shafe tsakar gidan da siminti don kakata Tursunoy ta huta da laka. Ciyawa ta ɓace, ruwa ya daina taruwa. Sai Kaka ta ɗauki nauyin Toshvoy da kanta. A wurinmu ba a zubar da ɓurɓushin gurasa inda ƙafa za ta taka, don haka duk bayan cin abinci takan kakkaɓe shimfiɗar abinci a gabansa, ta jiƙa masa da madara, ta zauna tana ba shi labarin unguwa kamar yadda take ba mijinta a da.

Bana da ya farka daga barcin hunturu, idanunsa sun faɗa ciki, ya ƙi taɓa komai. Na ɗaga shi na ji ba nauyi. Na gaya wa Kaka cewa gurasa da madara ke cutar da shi.

"An tura ka Samarkand karatu ne don ka dawo ka raina gurasa?" ta ce. Ba ta sake yi mini magana ba har dare.

Na kwana ina juya abu biyu: in ɗauke shi a ɓoye in raba ta da abin da ya rage mata na mijinta, ko in yi shiru ya mutu a hannunta. Da safe na kai wa Hosiyat-opa tambayar.

"Ba inda za a kai shi," ta ce. "Ka gaya mata ina zuwa shan shayi."

Da ta iso, na zuba mata ruwa a hannu da buta kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ta goge hannunta, ta dubi Toshvoy da ke lafe a jikin bango, sannan ta juya ga Kaka.

"Inna, ni da na shigo yanzu an zuba mini ruwa. Wannan dattijon fa, da ya riga ni sanin gidan nan?"

"Toshvoy? Ɗan hamada ne, 'yata. Me zai yi da ruwa?"

"Tun yaushe aka fara tambayar baƙo ko yana so? Kai kuma Mirkomil," ta ce mini, "kawo daro, ka ɗumama ruwan kaɗan."

Ta miƙa wa Kaka butar, ita ta koma gefe. Kaka ta zuba da hannunta har ruwan ya kai masa haɓa. Ya jima bai motsa ba. Sannan ya miƙo wuya a hankali, ya tsoma baki da hanci, muka ga maƙogwaronsa yana motsi, yana motsi, bai ɗago ba.

"Wayyo, tsohon banza," in ji Kaka. "Ashe ƙishirwa kake ji ba ka faɗa ba? Halin ubangidanka sak."

Sai da aka sha shayi Kaka ta tambaya, ba tare da ta dubi kowa ba: "Gurasar fa?"

"Gurasa ta fi ƙarfinsa, Inna. Cikinsa na talaka ne, ciyawa kawai ya sani. Amma ga kurciyoyi can a kan katanga, tun ɗazu ke suke kallo. Su ma bayin Allah ne."

Hosiyat-opa ta miƙe. Ta bar mana kwandon ganye da garin ɓawon ƙwai da za a riƙa barbaɗawa a kai, ta nuna mini kusurwar simintin da zan fasa a ƙarƙashin inabi, ta tafi.

Ke ce, Hosiyat-opa, uwar marasa murya. Ke ce kika gane cewa hannun da ke cutar da dabba sau da yawa hannun mai ƙaunarta ne, kuma ba a gyara irin wannan hannun da duka. Da kin ce wa Kaka ta yi kuskure, da kin faɗi gaskiya, da kuma Toshvoy ya mutu. Sai kika shiga ta ƙofar da ta sani, kika ba ta aikin da ya fi na da daraja. Na yi ta tunanin wannan, kuma na tabbata ilimin ganye da ruwa shi ne ƙaramin ɓangaren abin da kika sani.

Ga duk mai kunkuru a tsakar gida: ku bar masa ƙasa da ciyawa, ku jiƙa shi a ruwa mai ɗumi marar zurfi, ku riƙe gurasarku da madararku. Ga mai son gyara wani kuwa, ya je ya zauna da wannan matar ya ga yadda ake yi. Mun gode, opa. Allah ya sa hutun da kika shiga ya zama mai albarka, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Washegarin zuwanki, bayan karin kumallo, na ga Kaka ta naɗe shimfiɗar abinci ta fita tsakar gida. Ta tsaya a kan Toshvoy, ta jima a tsaye. Sannan ta wuce shi zuwa katanga, ta yi ɗage ta kakkaɓe ɓurɓushin a can sama, ta dawo ta ɗauki buta. Kafin mako ya zagayo, da bakinsa ya fizgi furen rawaya daga yatsunta.