Tagar da Ka Bari a Liƙe

Mu duka na Allah ne, kuma komai nisan kwana wurinSa za mu tattara. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina, jami'in duba gine-gine a ofishin tsara birni, wanda magina da kafintoci da mu masu walda muka fi sani da Mai Tef. Ina rubuta wannan ne hannuna bai yarda da abin da yake rubutawa ba.

Ba ka yi jinya ba, Mai Tef. Ko ciwon kai ban ji ka ambata ba. Ranar Talata da la'asar kana zaune a bencin shagona, ka tuɓe takalmi ɗaya kana sosa ƙafa, kana yi mini tsiya a kan wata sakata da na haɗa, wai ta yi tauri, wai sai ƙato ne zai iya zare ta. Na ce ka dawo gobe ka gani. Washegari ina tsugune ina goge ta, wayata ta yi ƙara, na ga lambarka, na ɗauka da tsokana a bakina. Sai na ji muryar masinjan ofishinku. Ya ce ka kafe babur ɗinka inda ka saba, ka gaisa da mai gadi, ka zauna a kujerarka ka nemi ruwan sha, kafin a kawo ka kife a kan tebur. Na ce masa ba na son wasan banza, na kashe wayar, na ci gaba da gugar sakata. Wallahi ci gaba na yi. Sai da kafintan da ke maƙwabtaka da ni ya shigo ya zare wayar injin gugar daga bango, ya dafa kafaɗata, sannan na yarda.

An yi maka sutura, an sallace ka, na tsaya a sahu, na zuba ƙasa da hannuna. Duk da haka har yau idan na ji kukan tsohon babur ya rage gudu a ƙofar shago sai na ɗaga gilashin walda na duba.

Ba da daɗi muka fara sanin juna ba. Wani sabon gida ne na yi wa ƙarafan taga, aiki mai kyau, wanda ɓarawo zai kalla ya tafi neman wata sana'a. Ka zo da tef ɗinka na awo rataye a ƙugu, ka zaga ɗaki ɗaki, ka jijjiga kowace taga, ka juyo ka ce ba za ka sa hannu a ba da izinin shiga gidan ba sai an yanke ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin kwana, a mayar da shi mai buɗewa daga ciki. Ranar na faɗa maka maganganun da ba sa rubutuwa. Ka bar ni na gama kumfar bakina, ka miƙo mini ruwa, ka ce, “Maƙeri, ka tsare su daga ɓarawo, madalla. Wa zai tsare su daga ƙarfenka?” Na ce ni ba maƙeri ba ne, mai walda ne. Tun daga ranar ba ka sake kirana da wani suna ba, har matata ta ɗauka, har jikokina.

Gwajinka kuwa duk wanda ya yi aiki a garin nan ya san shi, kuma duk mun yi maka dariya a kansa. Ba ka yarda mai gida ya buɗe tagar, balle ni da na haɗa ta. Sai ka nemi wanda ya fi kowa rauni a gidan, tsohuwa ko mai ciwon hannu, ka roƙe ta ta rufe ido ta lalubo sakatar ta buɗe. Ka ce hayaƙi ba ya barin mutum ya gani, kuma ba ya jiran a nemo makulli a ƙarƙashin katifa. Wata tsohuwa ta taɓa kai maka duka da mafici, ta ce ita ba sa'ar wasanka ba ce. Ka durƙusa kana ba ta haƙuri kana kiranta Inna har ta yi dariya ta rufe idon. Sakatar ta ƙi buɗuwa, ni kuma na sake aikin ina ƙunƙuni.

Sau ɗaya na tambaye ka abin da ya haɗa ka da taga haka. Ka ce a farkon aikinka an tura ka duba wani gida da ya ƙone, ka tarar da ƙarfen tagar ɗakin kwana a lanƙwashe, kuma daga ciki aka lanƙwasa shi, da hannu. Iyakar abin da ka faɗa ke nan, ka koma zancen tayar babur ɗinka. Ni da na san irin ƙarfin da ake sawa kafin roɗi ya karkace, ban sake tambayarka ba.

Mutane suna ganin mai duba gini ba ya zuwa sai da jan fenti da takardar gargaɗi. Kai ba haka kake ba. Lokacin da mahaifiyata ta tsufa zafi ya hana ta barci, na yi niyyar sa mata na'urar sanyaya ɗaki da ba ni da wutar riƙe ta. Ka zo ranar hutunka, ka tsaya tsakiyar ɗakin ka jiƙa yatsa ka ɗaga, ka ce ɗakin ba sanyi yake nema ba, hanyar fita iska ke nema. Ka sa aka huda ƙaramar taga can sama daura da babbar, aka ƙara wa rufin baki ya kare bangon yamma daga rana. Har ta bar duniya tana sa maka albarka, tana cewa ɗanta na cikinta ƙarfe kawai ya sani. Haka matar marigayi direban nan ta bayan layinmu, da ta fara ɗakin haya a kan hanyar ruwa. Ba ka turo a rushe ba. Ka zauna a tabarmarta ka zana mata inda za ta ja ginin baya, ka bi mata takardar izini ofis ofis har ta fito. Ranar rasuwarka na gan ta a ƙofar gidanka tana kuka kamar ɗan'uwanta ne ya tafi.

Yanzu bari na zo kan abin da ya hana ni sukuni, don kai kaɗai nake iya gaya wa.

Ka san 'yata ta fari, wadda kake kira Uwar Maƙeri, tana ɗinki a shagon nan na saman bene inda ake ɗinka kayan 'yan makaranta. Mata sun kai ashirin a ciki, kowacce da kekenta. Matakala ɗaya ce tak, ƙunci gare ta, kuma a ƙarƙashinta aka ajiye janareta da jarkokin fetur. Yadi a jibge har kusa da silin, duwatsun guga a kunne tun safe. Tagogi kuwa duk a liƙe da walda, don ɓarayi sun taɓa shiga suka kwashe wa mai wurin kekuna, ya rantse ba za a sake ba. Idan wuta ta tashi a gindin matakalar nan, babu wadda za ta fito. Ni na kai maka maganar, kuma ranar da ka hau ka sauko na ga fuskarka ta canja.

Na ce ka rufe wurin kawai, ai doka ta ba ka iko. Ka ƙi. Ka ce idan ka sa kwaɗo a ƙofar, matan nan za su rasa abincinsu, shi kuma mai wurin zai kwashe kekunansa ya kai wani lungun da ya fi wannan muni, inda babu mai duba gini da ya san da shi. Na ce maka rai ya fi abinci. Ka ce, “Maƙeri, mai jin yunwa ba ya lissafi irin naka. Duka biyun nake so na tsare musu.”

Haka ka dinga zarya. Ka sha shayin mutumin nan, ka saurari labarin satar da aka yi masa har ka haddace, ka nuna masa irin sakatar da ba ta buɗuwa ta waje ko da guduma. Ya yi maka tsawa ka yi murmushi, ya ɓuya ka jira shi a inuwa. A ƙarshe ya sakko. Ya yarda a fitar da janareta bayan gini, a buɗe tagogin da ke kallon rufin baranda, inda mace za ta iya taka kwano ta sauka. Da baki kuka yi, hannu da hannu, don ka ce irinsa idan ya ga takarda sai ya tuma. Kuka sa ranar Laraba da azahar, ni da kai za mu je. Sakatar da kake yi mini tsiya a kanta, ta tagar farko ce.

Da hantsin wannan Larabar ka tafi.

Bayan an share makoki na ɗauki kayana na je wurin mai shagon. Ya yi mini gaisuwarka da hawaye a idonsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya ce shi da marigayi suka yi magana, kuma da marigayi ya yarda, ba da wani ba. A bari ofis ya turo wanda zai tsaya a kan aikin. Na je ofishinku. Suka ce za a raba ayyukanka, a yi haƙuri, a jira. Na tsaya ina kallon kujerarka, an riga an ɗora mata tarin fayil.

Na jira, Allah Ya sani na jira. Sai wata rana 'yata ta biyo ta gidana, mayafinta yana warin hayaƙi, tana tari tana dariya, wai janareta ne ya yi tartsatsi ya cika matakala da baƙin hayaƙi, suka tsaya a sama suna fifita da kwali har ya lafa. Tana dariya, Mai Tef! Washegari da rana tsaka na jingina tsani, na hau rufin barandar da injin yankan ƙarfe, na yanke ƙarafan taga ɗaya, mata suna ihu a ciki, tartsatsi yana zuba. Ba izinin mai wuri, ba izinin ofis. Na san da kana nan da ka tsaya a ƙasa ka riƙe ƙugu ka kira ni da sunan da ya fi Maƙeri zafi.

Mai shagon ya kai ƙara cewa an yi masa ɓarna. Aka turo sabon jami'i ya duba ɓarnar. Ya taka matakalar, ya ga jarkokin, ya ga yadin, ya ga sauran tagogin, ya sauko. Ban ga laifinsa ba, abin da doka ta ce ya yi: ya fitar da kowa, ya sa kwaɗo, ya shafa jan fenti a ƙofa. Ni ya ba ni takardar gargaɗi, na karɓa da hannu biyu. Aikin kayan makarantar ya koma hannun wasu. Matan da suke gaishe ni Baba Baba, yanzu idan sun zo wucewa ta ƙofar shagona sai su tsallaka titi.

'Yata ba ta ɗaga mini murya ba, ba tarbiyyarta ba ce. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, “Baba, na san raina ka tsare, na gode. To yaran fa, me zan ba su?” Mijinta ya daɗe ba ya samun aiki tsayayye, keken nan ne yake riƙe da gidan. A ranar na gane abin da kake yi duk lokacin da nake ganin kana ɓata takalminka a banza. Yankan ƙarfe ba wuya, ni ma na yi a ɗan lokaci. Abin da ka iya ban iya ba shi ne ka buɗe taga ba tare da ka rufe wa mutane ƙofar abinci ba.

Jiya na sami labarin mai shagon ya kama wani tsohon sito a bayan gareji, ya fara kwashe kekunansa zuwa can. Na je na zaga shi da ƙafata. Ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe mai ja, bango huɗu, ko hudar da kyanwa za ta bi babu. Na tambayi 'yata ko an kira ta. Ta ce an kira ta, ranar Litinin za su fara, kuma za ta je.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka ba shiri, mu ma ba mu shirya ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya ɗakunan bayinKa. Duk wanda ya kwana lafiya a ɗakin da ya duba, Ka sa ladan a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta sha jiran sa da abinci yana can yana lallashin masu taurin kai irina. Ga 'ya'yansa, da yayarsa, da ƙannensa, da abokan aikinsa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ka yafe mini, Mai Tef, na ɓata maka aiki. Kuma ya Ubangiji, Ka tsare mini yarinyar nan a cikin sito, don yanzu ba ni da wanda zan kira ya je ya duba.