Gidan Benen da Na Gina da Baki

Jiya ƙanwata ta tambaye ni yadda ake kwatanta gida a jarrabawar magana da Turanci, sai kakarmu ta faɗo mini a rai.

Inna ba ta jin Turanci, amma lokacin tawa jarrabawar ita nake maimaita wa nawa kwatancen a garin Horo Birni, tana dama fura, ludayi na ƙwanƙwasa ƙwarya. Kullum sai ta ce, "Mi kac ce?"

Ran nan na amsa, "Na ce gidan bene muke, Inna. Ya fi daɗin faɗi."

Ta tsayar da ludayin, ta dubi bukkarta. "To, ni wane ɗaki ka aje ni?"

Na ci jarrabawar. Tambayarta ce har ta rasu ban amsa ba.

Inna, Allah Ya ba ki ɗaki a Aljanna, tunda ni na hana ki.