Gonar Mai Tsaron Raga

Har yau idan na ji ana gardamar ƙwallo a rediyo, ana tsine wa wani don ya fāɗi a wasa ɗaya, sai in miƙa hannu in kashe. Ƴan ajina sun sani, ba a kawo mini zancen balo, wato ƙwallo, a lakwal, makarantar da nake koyarwa. Suna tsammanin ban san wasan ba ne. Na san shi, har fiye da yadda nake so.

Ƙanena ne ke tsaron ragar garinmu, wani ƙauye a gefen Dogo-Dogo. Ni na goya shi. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai, ga shiru-shiru, sai ka yi magana goma ya amsa ɗaya. Yana da mata da ƴaƴa biyu, da tsohuwarmu a ɗaka, da gonar gero da mahaifinmu ya bari.

Gasar ƙauyukanmu da damina ake yin ta, domin lokacin ne ƴan makaranta ke hutu, ƴan ci-rani kuma sun dawo gida. To amma lokacin ne na noma. Wanda ya kwashe safiya yana atisaye, ranar wasa kuma ya hau kabu-kabu zuwa Dungas, ciyawa ba za ta jira shi ba. A da garuruwan da ke da manyan ƴan kasuwa sukan ɗauko ƴan wasa daga tsallaken iyaka su biya su, su yi ta lallasa mu kamar jakuna. Da ƙorafi ya yi yawa, sai masu shirya gasar suka kafa doka: ba a biyan kowa kuɗi. Abin da aka yarda kawai shi ne gari ya yi wa ɗan wasansa gayya, samari su fito da hauya su nome masa gona, noman fari da maimai. Kuma ba a wuce gona uku. Garin da aka kama da ta huɗu, an kore shi.

Ban ce dokar banza ba ce. Ita ta sa irinmu muka fara ɗaga kai. Amma gona uku ga mutum goma sha ɗaya! Yawancinsu yara ne da ke cin tuwon iyayensu, ba ruwansu. Magidantan cikinsu ne abin ya zame wa rai da mutuwa. Shekara da shekaru gonar ƙanena na cikin ukun nan, kuma saboda ita ne bai taɓa bin sa'o'insa arewa wajen haƙar zinariya ba. Tsohuwarmu ba ta san raga ba, ba ta san alƙalin wasa ba, amma takan ce Allah ya yi wa wannan balo albarka da ya riƙe mata ɗa a gida.

A shekarar da nake ba da labari, duk zagayen farko ƙanena ne ya ɗauke mu a ka. Masu kai harinmu ba su iya komai ba, wallahi ko ƙofar rumbu aka buɗe musu sai sun buga sama. Shi ke tarewa, mu ci ɗaya da ƙyar mu wuce. Haka har muka kai wasan kusa da na ƙarshe, irin wanda in ka fāɗi sai baɗi.

An yi ruwa da hantsi ran nan, filin Dungas ya yi caɓi. Ina tsaye da sauran mata a bayan ragarsa. Ana dab da tashi wani yaro ya bugo wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, wadda ko ni na iya tare ta da zane. Ƙanena ya durƙusa ya buɗe hannu. Ta sulluɓe ta tsakanin gwiwoyinsa ta gangara ciki a hankali. Ya juya yana kallon ta, bai ko bi ta ba.

Shi ke nan. Daga ran nan duk abin da ya tare a shekarun baya aka share. Yara a hanyar rijiya suka riƙa buɗe ƙafafu suna dariya in ya wuce. A majalisar shayi aka ce ya tsufa, wasu suka ce zuciya ce ba shi da ita, sai wasan da ba kowa yake iya tsayawa, in an zo na maza sai jikinsa ya mutu. Masu faɗin haka kuwa, rabinsu ba su taɓa gudun da ya wuce na kora akuya ba.

Da damina ta sake kusantowa, wani ɗan garinmu da ya yi wasa a Magariya ya dawo. Gwanin cin raga ne, ba ƙarya, kuma magidanci. Ya ce ba zai taka fili ba sai da gayya. Sauran biyun da ake nome wa gona, ɗaya kyaftin ne, ɗaya ɗan ƙanen mai gari. Ko ba a faɗa ba na san gonar wa za a cire.

Na yafa gyale na tafi wajen shugaban kwamitin ƙwallon garinmu, wani dattijo mai sayar da taki, abokin mahaifinmu. Na gaishe shi na ce, "Baba, wasa ɗaya fa? Wa ya kai ku Dungas ɗin in ba shi ba?"

Ya ce, "Madam, ni ma ɗana ne. Amma uku aka ce. In na yi huɗu a kore mu."

Na ce, "To cire wani."

Ya juya carbinsa, sannan ya ce, "Mutane abin da suka gani na ƙarshe suke tunawa. In na bar shi, samari ba za su fito da hauya ba."

Wannan ta fi cin raina, domin gaskiya ce. Na fito ina kuka don haushi, ban ko yi masa sallama ba.

Na samu ƙanena yana gyara ƙotar hauya. Na ce ya bar musu ƙwallonsu, ya kama gonarsa, su nemi wanda zai tsaya musu. Ya ce, "Yaya, in na bari yanzu, da waccan za a riƙa tuna ni har in mutu." Na ce, "Kai wawan ina ne? Tunawa za ka dafa wa ƴaƴanka?" Ya ci gaba da gyara ƙotarsa. Na san shi, in ya yi haka an gama.

Ya yi wasan kyauta. Yakan sammako gona, ya bar ta ya tafi fili, ranar wasa kuma ba ya ko leƙa ta. Ni da matarsa muka shiga muka yi abin da za mu iya, amma ina! Gonar babba ce, ruwa kuma ya yi ta zuwa a kai a kai. Noman fari ya makara, maimai kuwa rabinta kawai aka yi. Geron ya tashi rawaya, siriri, ciyawa ta fi shi tsawo.

A fili kuwa ban taɓa ganin ƙanena haka ba. Wasan ƙarshe aka tashi ba ci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron raga, ya tare har sau biyu. Garinmu ya ɗauki kofi karon farko. Samarin da suka ƙi fito masa da hauya su suka ɗaga shi sama suna ihu, masu shayi suka ce dama sun faɗa, irinsa ba a samu. Na tsaya ina kallon su, na kasa guɗa.

Da aka yi girbi, abin da ya shiga rumbu ko sanyi ba zai fitar da gidan ba. Bai shawarci kowa ba. Ya sayar da tunkiyar matarsa ya yi kuɗin mota, ya bi ayarin masu zinariya. Tsohuwarmu ta raka shi bakin hanya tana riƙe da gefen rigarsa, sai da direba ya yi magana ta saki.

Damina biyu suka wuce bai zo ba, sai ɗan aike jefi-jefi. Ragarmu ta zama kasuwa, kowa ya zo ya zuba. A ta uku dattijon nan ya zo har ƙofar lakwal ya same ni. Ya ce kwamiti ya zauna, kowa ya yarda, an mayar da gonar ƙanena cikin ukun, ita ce ma ta farko. In kira shi ya dawo.

Na kira a gabansa. Da ƙyar layin ya shiga. Na faɗa wa ƙanena saƙon, ni ma na sa rai. Ina jin ƙarar inji a bayansa.

Ya ce, "Yaya, ki yi musu godiya. Ki ce su ba wani." Na ce don me, fushi ne? Ya ce, "Ba fushi. Dutse ya faɗo mini a rami tun bara, hannun dama yatsu biyu suka rage. Kada ki gaya wa Inna."

Dattijon na tsaye yana murmushi, yana tambaya ta yaushe zai iso.