Katanga Ya Faɗi a Bakin Shinge

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kyaftin ɗinmu, mai tsaron bayan da 'yan kallo suka raɗa wa suna Katanga. Ya cika a cikin motar kulob, kansa a kan cinyata, muna tsaye a bakin shingen jami'an tsaro, ga rufin asibiti muna hangowa.

Ni ne golanka, Yaya. Na fi kowa sanin bayanka, domin shi na yi shekaru ina kallo daga cikin raga. Kai ka laƙaba mini Rariya tun ranar da aka zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, 'yan kallo suka hau jifana da robobin ruwa. Ka cire rigarka ka lulluɓe mini kai har muka shiga ɗakin sauya kaya. Da 'yan jarida suka tare ka, ka ce kai ne ka kare mini gani. Sai da muka zauna ka dube ni ka ce, "Rariya, gobe ka zo da zani ka ɗaura." Na yi dariya da hawaye a fuskata.

Ba zan manta da ɗan gabanmu da ya karye a gwiwa ba. Kulob ya sallame shi tun bai ajiye sanda ba. Ka ɗauke shi ka kai gidanka, ka ba shi falo, kai da iyalinka kuka takure a ɗaki guda har ya warke. Tun daga nan ka ƙudurta cewa ba za mu sake sa hannu a kwantiragin da bai tilasta wa kulob jinyar ɗan wasa ba.

Da lokacin sabunta kwantiragi ya zo, ƙasa ta riga ta shiga matsi. Kaya sun yi tsada, kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya janye, filin wasa ya zama fayau saboda mutane na ta abin da za su ci. Muka wakilta ka ka yi magana da bakinmu. A daidai lokacin wani kulob na ƙasar waje ya neme ka, amma shugaban kulob ya riƙe takardar sakinka. Ina cikin ofishin ranar da ya ce maka, "Ka bar maganar jinyar nan, yau in sake ka ka tafi."

Ka daɗe kana kallon kofunan da ke cikin kabad ɗinsa. Shekarunka sun ja, ka san irin wannan dama ba ta dawowa. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, in na tafi, wa zai shigo ofishin nan ya faɗa maka?" Da muka fito, a bakin matakala sai ka riƙe ƙarfe ka tsaya kana mayar da numfashi. Na ɗauka ɓacin rai ne.

Ana cikin wannan ja-in-ja zanga-zanga ta ɓarke. Aka dakatar da gasa, aka sa dokar hana fita, ta rutsa da mu a masaukin 'yan wasa. Ba mu da kwantiragi, ba mu da hanyar gida. Ta taga muke ganin hayaƙin tayoyi, barkonon tsohuwa na shigowa har ɗakin cin abinci. Kai ne ka hana mu rubewa a kan katifa. Kullum da safe sai ka bi ɗaki-ɗaki kana buga ƙofa, ka fito da mu atisaye a ɗan filin ajiye motoci, ka ce ƙafa ba ta san doka ba.

A wannan filin ka dafe ƙirji ka durƙusa. Muka sa ka a mota. Titin farko masu zanga-zanga sun toshe shi, amma da suka gane ka suka janye tayoyi da hannunsu. A na biyu jami'ai suka ce ba su da izinin buɗewa sai sun ji daga sama. Koci ya roƙa, direba ya roƙa, wani jami'i ya yi ta kiran waya ba a ɗauka. Ka buɗe ido ka ce mini, "Kada ku sa hannu don kun ji tsoro." Sai ka koma salati.

Ba mu sa ba, Yaya. Shugaba ya aiko da gaisuwa, bai ce komai a kan jinya ba. Har yanzu muna masauki. Mutum huɗu kawai aka bari suka raka ka makwancinka, ban samu shiga cikinsu ba. Takalmanka na nan a bakin ƙofarka, an rasa mai iya ɗauke su.

Ga mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka mata biyu: ku gafarce mu da ba mu zo mun durƙusa a gabanku ba, hanya ce babu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ya sha ƙunci a nan saboda mu. Ka buɗe masa ƙofar Aljanna, kada Ka tsayar da shi a bakinta. Amin.